Hoton jana'izar Gaza da fayil ɗin RAW: taƙaddamar Paul Hansen

A ranar 20 ga Nuwamba 2012, saura kwana ɗaya a tsagaita wuta a yaƙin kwana takwas tsakanin Isra'ila da Hamas, Paul Hansen, mai ɗaukar hoto na jaridar Dagens Nyheter ta ƙasar Suwidin, yana cikin wani lungu a birnin Gaza sai ga masu jana'iza sun kunno kai. A sahun gaba, 'yan uwan iyayen mamatan ne ɗauke da gawarwakin yara biyu, wa da ƙane, an naɗe su da farin ƙyalle, fuskokinsu a buɗe. Ƙaramin shekararsa biyu, babban bai cika huɗu ba. Harin sama na Isra'ila ne ya rushe gidansu. Gawar mahaifinsu tana biye a baya, mahaifiyarsu kuma tana asibiti rai a hannun Allah. Hansen ya ɗaga kyamararsa, Canon 5D Mark III, ya samu hoton: matsattsen lungu, bango dama da hagu, taron maza yana tahowa kai tsaye kan mai kallo, ga kuma wani irin haske kwance a kan fuskoki.

Ranar 15 ga Fabrairu 2013, gidauniyar World Press Photo da ke Amsterdam, mai shirya gasar hotunan jarida ta duniya, ta sanar cewa wannan shi ne hoton shekara. An zaɓo shi ne daga hotuna 103,481 da masu ɗaukar hoto 5,666 na ƙasashe 124 suka aika, a ƙarƙashin alƙalan da Santiago Lyon, daraktan sashen hotuna na kamfanin dillancin labarai na AP, ya jagoranta. Ba a yi wata uku cikakke ba aka fara yayata cewa hoton jabu ne, wai hotuna daban-daban aka ɗinke da Photoshop.

Hasken nan shi ne mafarin komai. Tun ranar da aka sanar da kyautar, masu sana'ar suka fara ƙunƙuni a tsakaninsu. Lungu ne mai inuwa, amma kowace fuska ta fito tar, kamar an kafa fitilun shirin fim. Launukan sun ɗan dusashe, bangon ya yi duhu, fatar mutane tana sheƙi. Wasu suka ce ya fi kama da allon tallar fim fiye da hoton labari. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne hoton da jaridar ta buga a watan Nuwamba da wanda aka shigar gasa ba su zo daidai ba a launi da haske, alhali daga danni ɗaya suka fito. Hansen ya ce hasken rana ne ya daki bangon lungun ya dawo kan fuskokin. Ba a ƙaryata shi ba, amma kuma ba kowa ya gamsu cewa bango kaɗai ne ya yi wannan aikin ba.

Dokar gasar a lokacin gajeriya ce, kuma gajartarta ta ba da ƙofa. Ta hana a sauya abin da ke cikin hoto, ta yarda da gyaran da ya dace da abin da masu sana'ar suka saba amincewa da shi, sannan ta ba alƙalai damar neman fayil na asali idan sun ga dama. Ba ta faɗi iyakar abin da aka saba ɗin ba.

Abin da ke cikin fayil

Ba za a gane rigimar ba sai an san abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da fitowar hoto. Sensar da ke cikin kyamara ba ta ganin launi. Miliyoyin ƙananan ramuka ne, kowanne yana auna yawan hasken da ya faɗo masa, shi ke nan. Don a samu launi, ana rufe su da wata matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi mata rajista a 1976: rabin ramukan kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Fayil ɗin RAW shi ne waɗannan ma'aunai kusan yadda suka fito, ba a taɓa su ba. A kyamarar Hansen ɗigo 5,760 ne a kwance da 3,840 a tsaye, kowanne an rubuta shi da bit 14, wato matakan haske 16,384 tsakanin baƙi ƙirin da fari fat. Canon na wancan zamani yana ajiye shi da sunan CR2, Nikon yana da NEF, Sony yana da ARW, Adobe kuma ya fito da DNG a 2004 don a samu nau'i ɗaya da kowa zai iya buɗewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a lokacin shi ne, RAW ba hoto ba ne tukuna. Ba shi da kamanni guda da za a nuna a ce ga yadda wurin yake. Sai manhaja ta lissafo wa kowane ɗigo launuka biyun da bai gani ba daga maƙwabtansa, ta yanke wane launi ne fari, ta zaɓi yadda za a raba haske tsakanin inuwa da rana. A buɗe fayil ɗaya a manhajoji uku, za a ga hotuna uku mabambanta. Ƙaramin hoton da ake gani a bayan kyamara ma JPEG ne da kyamarar ta wanke ta cusa a cikin fayil ɗin.

JPEG kuwa, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, gamammen hoto ne da aka matse. Bit 8 yake ba kowane launi, matakai 256 kacal. Yana yanka hoton gida-gida, ɗigo takwas a kwance takwas a tsaye, ya juya kowane gida zuwa lissafin kaifi da laushi, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa, sau da yawa ma ya rage bayanin launi ya bar na haske. Abin da ya zubar ya tafi har abada. Idan aka buɗe shi aka gyara aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani. Shi ya sa mai gyaran hoto da ya san aikinsa ba ya aiki a kan JPEG: yana wanke RAW, ya yi gyaransa a nau'in fayil na TIFF ko PSD mai bit 16 inda babu asara kuma shimfiɗun aikin, wato gyare-gyaren da aka jera wani kan wani, suna nan daban-daban, sai a ƙarshe ya fitar da JPEG don aikawa.

Bambancin 16,384 da 256 shi ne ya sa irin hasken hoton Hansen ya yiwu. Fuskar da ke cikin inuwa, a JPEG ɗin kyamara, wataƙila matakai kaɗan ne suka rage mata kusa da baƙi. In ka ja ta sama sai ta farfashe, ta yi dabbare-dabbare. A RAW kuwa akwai ɗaruruwan matakai a cikin wannan inuwar, kana iya ɗago ta ka ga ƙwayar ido da layin goshi ba tare da ka ƙirƙiro komai ba. Bayanin yana nan tun farko. Sai dai mutumin da ke tsaye a lungun bai gan shi da wannan ƙarfin ba, kyamarar ma da an bar ta da kanta ba haka za ta nuna shi ba.

Akwai kuma wani kashi a cikin fayil wanda ba a gani a allo, wato bayanan rakiya. Exif yana rubuta irin kyamara da lokaci da saurin danni. XMP, wanda Adobe ya ɓullo da shi a 2001, yana iya riƙe tarihin aiki: wace manhaja ta buɗe fayil, yaushe aka juya shi daga wani nau'i zuwa wani, yaushe aka ajiye, da lambobin shaida na takardun da ya samo asali daga gare su. Daga nan zargin ya taso.

Zargin

Neal Krawetz masani ne kan binciken ƙwaƙwaf na hotuna a Amurka, shi ne mai shafin FotoForensics. A ranar 12 ga Mayu 2013 ya wallafa nazarinsa kan JPEG ɗin da ya ci gasar, washegari kuma shafin labaran fasaha na ExtremeTech ya ɗauka da kanun labari mai cewa an ƙirƙiri hoton shekara da Photoshop. Daga nan labarin ya bazu duniya, kuma kamar yadda aka saba, kanun ya yi nisan da nazarin bai yi ba.

Hujja uku ya kawo. Ta farko tarihin XMP: ya nuna an juya fayil daga RAW ba sau ɗaya ba, akwai na watan Nuwamba 2012, akwai kuma na Janairu 2013, gab da rufe karɓar hotunan gasa. Krawetz ya karanta wannan a matsayin alamar an shigo da hotuna fiye da ɗaya cikin takarda guda. Ta biyu wata dabara ce da shi kansa ya yayata tun 2007, ana kiranta ELA. Yadda take aiki ba wuya: a ɗauki JPEG, a sake matse shi a wani mataki sananne, a cire sabon daga tsohon, a haskaka bambancin. Tunanin shi ne, wurin da aka taɓa daga baya zai nuna asara daban da sauran hoton. A hoton Hansen, fuskoki da gefunan mutanen sahun gaba sun yi haske a taswirar. Ta uku inuwa ce: an ɗauki hoton da hantsi, sai Krawetz ya ja layuka daga inuwoyin bango don gano inda rana take, ya ce hasken fuskokin bai dace da wannan wurin ba.

Ga wanda bai san aikin ba, hujjojin sun yi nauyi. Akwai lambobi, akwai taswira mai baƙi da fari kamar hoton asibiti, akwai layukan lissafi. Ga kuma tarihi da ya sa mutane saurin yarda. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori Brian Walski saboda ya ɗinke hotuna biyu na wani sojan Birtaniya da fararen hula kusa da Basra a Iraƙi. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotuna 920 na Adnan Hajj bayan an gano ya kwafi hayaƙi ya ƙara a samaniyar Beirut. Ita kanta World Press Photo ta ƙwace kyautar Stepan Rudik a 2010 don ya goge ɗan guntun ƙafar wani mutum da ta leƙo a bayan hotonsa. Sannan wannan hoton na Gaza ne, inda kowane ɓangare ke jiran abin da zai kama ya ce ɗayan yana ƙarya. Wasu da ba ruwansu da bit ko XMP sun karɓi zargin hannu bibbiyu, don in hoton jabu ne, to a ganinsu mutuwar ma ta zama abin shakka.

Hansen ya musanta. Ya ce hoton ba haɗi ba ne, kuma ya bayyana abin da ya yi: fayil ɗin RAW guda ɗaya ya wanke a matakan haske daban-daban, ya ɗora su a kan juna, don ya yi amfani da hasken da ke cikin fayil ɗin maimakon ya bi wurare yana duhunta wasu yana haskaka wasu da hannu. Wannan dabara sananniya ce. Ka wanke fayil sau ɗaya don sararin sama kada ya ƙone, ka sake wanke shi don inuwa ta buɗe, ka jera su shimfiɗa kan shimfiɗa, ka goge na sama a inda kake son na ƙasa ya bayyana. Da yake duk daga danni ɗaya ne, kowane ɗigo yana faɗawa daidai kan ɗan uwansa.

Abin da masana suka gani

World Press Photo ta miƙa RAW ɗin da JPEG ɗin ga ɓangarori biyu daban na masana. Ɗaya ɓangaren Hany Farid ne, farfesan kimiyyar kwamfuta a jami'ar Dartmouth ta Amurka a lokacin, tare da Kevin Connor, wanda ya daɗe a Adobe yana kula da Photoshop kafin su kafa kamfanin Fourandsix. Ɗayan kuma Eduard de Kam ne na cibiyar hoton dijital ta ƙasar Holan. Ranar 14 ga Mayu aka fitar da sakamako.

De Kam ya yi abu mafi sauƙi, wanda kuma babu mai iya yinsa sai da RAW a hannu: ya ɗora hoton da ya ci gasa a kan na asali. Ya ce an yi aiki ba kaɗan ba, wasu wurare an haskaka su, wasu an duhunta, amma kowane ɗigo yana nan a mazauninsa, don haka babu batun haɗi. Farid da Connor ma haka suka ce: an gyara launi da haske a hoton gaba ɗaya da kuma wasu sassa nasa, ban da wannan ba su ga alamar ɗinki ba.

Sai suka bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne darasin fasahar yake. Game da XMP, sun ce abin da rubutun ya nuna shi ne an daidaita fayil ɗin a Camera Raw, manhajar Adobe ta wanke RAW, fiye da sau ɗaya kafin a buɗe shi a Photoshop a fitar da JPEG. Wannan ɓangaren bayanan ba ya ma ƙirga ko an haɗa fayiloli. Tarihi ne na buɗewa da ajiyewa, ba ya cewa ga abin da aka yi a tsakani. Game da ELA, sun ce ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, yana ɗora wa hoton gaskiya laifi, yana kuma barin na jabu ya wuce. Dalilin a bayyane yake idan aka tuna yadda JPEG ke matsewa. Gidan da ke da kaifi, kamar gefen fuska a jikin bango mai duhu, gashin gemu, ko lanƙwasar ƙyalle, kullum ya fi fili mai santsi asara idan aka sake matse shi. To a hoton Hansen ina kaifin yake? A fuskokin sahun gaba, inda kyamara ta saita idonta. Taswirar ta haskaka daidai wurin da za ta haskaka ko da ba a taɓa hoton ba. Balle kuma JPEG ɗin da ke yawo a intanet an riga an rage shi an sake matse shi, wanda ke shafe duk wata tsohuwar alama.

Amsarsu kan hujjar inuwa ta fi ban sha'awa. Gaskiya ne, in rana ɗaya ce ke haska wuri, layukan da aka ja daga abu zuwa inuwarsa za su haɗu a wuri guda. Amma wannan mahaɗar ba ta gaya maka tsayin rana a sama. Hoto shimfiɗaɗɗen abu ne da aka matso duniya mai zurfi a kansa, kuma mahaɗar tana iya faɗawa ko'ina, har ƙasa da inda mutane ke tsaye, gwargwadon inda mai kyamara ya fuskanta. In rana tana bayansa, a ƙasa za ta faɗo. Lissafin daidai ne, fassarar ce ta kauce.

Krawetz bai janye ba. Ya ce bayanin Hansen ma ya gaskata shi, tunda ɗora wanki uku na fayil ɗaya a kan juna ai haɗi ne. A fasahance akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin a cikin Photoshop shimfiɗu ne fiye da ɗaya aka narkar wuri guda. Amma ba wannan mutane suka ji ba sa'ad da aka ce musu hoton jabu ne. Abin da suka ji shi ne an ɗauko fuskoki daga wani danni an dasa a wani, kamar yadda Walski ya yi, ko an ƙara mutanen da ba sa wurin. Wannan bai faru ba, kuma RAW ɗin ya tabbatar. A ganina an zalunci Hansen a wannan fuskar, kuma gyaran da aka yi wa labarin daga baya bai kai inda zargin ya kai ba.

Abin da RAW bai warware ba

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Masanan sun amsa tambayar da aka yi musu: an motsa wani abu? A'a. Ba a tambaye su ko gyaran hasken ya wuce kima ba, kuma ko an tambaye su, ba abu ba ne da kwamfuta za ta auna. Tunda RAW ba shi da kamanni nasa na kansa, babu wani hoto na asali da za a ajiye gefe a ce daga nan zuwa nan ne halal. Akwai dai wankin da manhaja ke bayarwa in ba ka taɓa komai ba, shi ma kuwa zaɓin injiniyoyin Adobe ko na Canon ne.

Masu kare Hansen sun ce ba sabon abu ya yi ba. A zamanin fim, mai wanke hoto yana sa hannu ko ɗan kwali ya tare haske daga wani sashe na takarda don ya fito da haske, ya bar wani sashen ya daɗe a ƙarƙashin fitila don ya yi duhu. W. Eugene Smith, wanda ake girmamawa a aikin hoton jarida, ya yi suna wajen irin wannan wanki mai nauyi. Suka ƙara da cewa idon mutum ya fi kyamara iya ganin inuwa da rana lokaci guda, don haka ɗago inuwa yana iya kusantar da hoto ga abin da mai ɗaukarsa ya gani. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Amma ina ganin masu ƙorafin ma suna da abin faɗa, kuma hayaniyar jabu ta danne su. Haske yana gaya wa mai kallo inda zai duba da abin da zai ji. In ka duhunta bango, ka janye launi, ka ɗago fuskoki goma sha wani abu kowacce da nata hasken, ba ka ƙara komai ba, ba ka cire komai ba, amma ka sauya yanayin wurin. Jana'izar yara biyu ba ta buƙatar taimako kafin ta taɓa zuciya. Kuma kasancewar wankin gasa ya bambanta da wanda aka ba masu karanta jarida yana nuna cewa an yi wa alƙalai wani shiri na daban. Ƙa'idar AP, wadda shugaban alƙalan ya fito daga cikinta, ta yarda da yanke gefe da haskakawa da duhuntawa da daidaita launi, amma ta ce a tsaya kan mafi ƙarancin abin da ake buƙata don hoto ya fito sarai kuma daidai. Ko jan ido da filasha ke haddasawa ba ta yarda a cire ba. Da wannan ma'aunin aka auna, da an sha muhawara. A Denmak ma an taɓa yin haka: a 2009 alƙalan gasar hoton shekara ta ƙasar sun nemi fayilolin RAW na Klavs Bo Christensen, suka cire hotunansa na Haiti saboda launin ya yi yawa, ba tare da an ce ya motsa ko ɗigo ɗaya ba.

Bayan ƙura ta lafa

Hansen ya riƙe kyautarsa. Gasar ce ta sauya. Daga 2014 aka wajabta wa duk wanda hotonsa ya kai matakin ƙarshe ya kawo fayil na asali, masana su duba kafin a ba da kyauta. A shekarar farko kashi 8 cikin ɗari na waɗanda suka kai ƙarshe aka cire. A 2015 adadin ya kai kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe, har aka rasa wanda za a ba matsayi na uku a rukunin jerin hotunan wasanni. Yawancin laifukan ƙanana ne a ido: an goge wani ɗan abu da ke ɓata tsari, ko an duhunta wani sashe har abin da ke wurin ya nutse cikin baƙi. Wannan na biyun ya nuna inda iyakar take a aikace. Gyaran haske yana zama sauya abin da ke cikin hoto a lokacin da ya ɓoye wani abu da RAW ya nuna yana nan. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma, a Janairu 2014, AP ya raba gari da Narciso Contreras saboda ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Gidauniyar ta sa David Campbell ya yi bincike kan yadda kafafen labarai ke kallon gyaran hoto, aka fitar da rahoton a 2014, sannan a ƙarshen 2015 ta fito da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a da misalan abin da aka yarda da wanda aka hana. Wanda bai ɗauka da RAW ba, sai ya kawo JPEG ɗin kyamara cikakke tare da danni uku kafinsa da uku bayansa, don a ga hoton a cikin jerinsa.

Reuters kuwa ya bi wata hanya da ta ba mutane mamaki. A Nuwamba 2015 ya sanar da masu ɗaukar masa hoto na wucin gadi cewa kada su ƙara aiko hoton da aka wanke daga RAW; JPEG ɗin da kyamara ta fitar ake so, da ɗan gyara kaɗan kamar yanke gefe da daidaita haske. Dalili biyu ya bayar, gaskiyar hoto da saurin isarwa. Wato a shekara ɗaya, wata cibiya tana cewa kawo RAW don mu yarda da kai, wata tana cewa bar RAW don mu yarda da kai. Ba saɓani ba ne kamar yadda ya yi kama. World Press Photo tana son RAW a matsayin shaida, Reuters yana gudunsa a matsayin kayan aiki, domin matakai 256 ba sa ba mai gyara filin da 16,384 ke ba shi. Illar ita ce JPEG ɗin kyamara shi ma wanki ne. Kyamara tana da saitin launi, da na kaifi, da na ɗago inuwa, mai ɗauka yana iya murɗa su kafin ya danna. An dai mayar da shawarar daga teburin gyara zuwa cikin kyamara.

Hanyar da masana'antar ta karkata gare ta daga baya ita ce a sa wa fayil hatimi tun daga tushe. A 2019 Adobe da New York Times da Twitter suka fara wani shiri na tabbatar da asalin hoto, a 2021 aka kafa haɗakar C2PA don tsara ƙa'idarsa, a 2023 kuma Leica ta fitar da M11-P, kyamara ta farko da ke sa hannun dijital na wannan tsarin a kan hoto lokacin ɗaukarsa. Manhajar da ta san tsarin tana ƙara rubuta gyaran da aka yi, ta sake sa hannu, ta yadda in an taɓa tarihin za a gane. Da hoton Gaza yana da irin wannan hatimi, da batun XMP bai kai kwana biyu ana jayayya a kansa ba, domin tarihin zai nuna fayil ɗaya ne tushe. Zai kuma nuna cewa an gyara haske da launi. Ko gyaran ya yi yawa, wannan edita ne ko alƙalin gasa zai zauna ya duba fayil biyun ya yanke.